Kwana Taran da Na Yi Shiru

Shekarata bakwai ina koyarwa a firamare kafin na koma jami'a karanta ilimin halayyar ɗalibai, wanda 'yan ajinmu ke kira saikoloji. A gidanmu na unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo ba wanda ya gane abin da nake karantawa. Innata takan ce wa baƙi wai ina koyon duba ƙwaƙwalwar yara, ni kuwa ban taɓa gyara mata ba, don maganar tana yi mini daɗi.

A ajinmu akwai wata mata 'yar garin Lau, Kirista, mai 'ya'ya uku, ta girme ni da kamar shekara biyar. Anti nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Karatun yana ba ta wuya, Turancin manyan littattafan nan yakan tsaya mata a maƙogwaro. Duk Asabar sai ta zo gidanmu da leda cike da takardu, mu baje a tabarma in warware mata darasi da Hausa. Hausarta irin ta kasuwar Jalingo ce, ko mace take nufi sai ta ce "ya zo". Ina son Anti ƙwarai. Sai daga baya na gane cewa a cikin son har da jin daɗin ina gaba tana biye.

A zangon ƙarshe aka tura mu horon aiki biyu-biyu. Malamin da ke duba aikinmu, wanda kowa ke kira Dakta, ya haɗa ni da Anti, ya tura mu wata firamare a Abbare. Za mu ɗauki ɗalibi ɗaya da karatu ya gagara, mu lura da shi mako shida, sannan mu gabatar da abin da muka gano. Hedimasta ya ba mu wata yarinya 'yar aji uku, shekararta tara, siririya, wadda malamai suka riga suka sallama. Ba ta amsa tambaya, ta maimaita aji, wasu na cewa taurin kai ne, wasu na cewa daƙiƙiya ce.

Na zo da takardun gwaji da katunan hotuna, na zaunar da ita a ofis. Ta ƙura wa bakina ido, ba ta ce uffan ba. Haka muka yi kwana biyu. A rana ta uku da aka fita hutun tara, Anti ta zauna a dandamalin aji, ta jawo yarinyar tsakanin ƙafafunta, ta fara tsefe mata tsohon kitso. Ta sunkuyo kanta tana yi mata hira da Fillanci, yaren uwar yarinyar, da wannan muryar tata mai cika ɗaki. Ina tsaye da fayil a hannu na ji yarinyar ta yi dariya, har ta mayar da magana.

Daga ranar, da mun sauka daga keke mai ƙafa uku yarinyar za ta rugo ta kama hannun Anti. Ni sai dai ta rusuna ta gaishe ni kamar baƙuwa. Da Dakta ya zo duba mu, ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce wa Anti abin da take da shi ba a samunsa a littafi. Ni kuwa ya tambaye ni ko mun cike takardar halarta.

Shekara uku ina ɗauke da matar nan a karatu, ga shi cikin mako biyu ta zama tauraruwa. Hausarta da ke ba ni dariya a da ta fara ba ni haushi. Da ta ce mini a ganinta tsoro ne ke damun yarinyar, tunda mahaifinta ya rasu kuma ana yawan dukanta, na ce mata ta rubuta hakan, baƙin ciki na cina don na ga maganar ta yi ma'ana.

Tunda ba ni da abin yi, sai na koma bayan aji da littafina ina kallo. A nan na lura cewa muddin malami na fuskantar aji yarinyar na biye da shi, da ya juya allo yana magana sai ta ɓace. Kuma duk wanda ya yi mata magana sai ta karkato masa gefen dama. Wata Talata na lallaɓa ta bayanta, na kira sunanta ta hagu. Ko motsi ba ta yi ba. Na koma dama na kira da murya iri ɗaya, ta juyo firgigit. Yarinyar ba ta ji da kunne ɗaya, ga shi an ajiye ta a layin ƙarshe, kunnen mai kyau na kallon bango. Anti kuwa ba da saninta ba, kullum a dama take zama.

Na rubuta komai, na sa kwanan wata kamar yadda aka koya mana, na rufe littafin. Saura kwana tara mu gabatar da aiki gaban Dakta da 'yan aji. Na ce a raina kwana tara ba komai ba ne ga wadda ta shekara tara a haka.

Ranar Litinin malamin ajin ya yi shifta, yana karantowa yana zagayawa. Yarinyar ta miƙa takarda babu komai a kai, ya yi mata bulala shida a hannu, yana cewa da waccan malamar ta iya surutu. Ina zaune a baya, littafin na kan cinyata. Anti ce ta fita da ita, ta jiƙa gefen zaninta tana danna mata tafin hannu, ita ma tana hawaye. Na so in faɗa a lokacin. Na buɗe baki, sai na tuna fuskar Dakta yana yabonta, na tambaye ta ko ta gama buga nata ɓangaren.

Ranar Alhamis Anti ta yi bayaninta, aka tafa. Dakta ya ce ko ina da ƙari. Na miƙe na jero abin da na gani ɗaya bayan ɗaya. Dakta ya cire tabarau ya ce wannan shi ne aikin, kowa ya koyi lura daga gare ni. Abin da nake nema ke nan, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa.

A waje Anti ta rungume ni tana sa mini albarka. Ta karɓi littafin don ta ga yadda na tsara, tana karantawa tana murmushi, har idonta ya kai saman shafin.

"Ƙanwata, tun Talatan wancan sati kin sani?"

Na ce ina so in tabbatar ne tukuna.

"Kina zaune a wurin malam ya duke shi," ta ce, tana nufin yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini littafin ta tafi neman keke.

A asibiti aka tabbatar cewa wani tsohon ciwo ya kashe kunnen hagu, na dama lafiya lau. Aka dawo da yarinyar layin gaba, kafin ƙarshen zango ta fara haɗa baƙi. Uwarta ta zo makaranta godiya da ƙwaryar nono, ta wuce ni ta dire a gaban Anti. Anti ta nuna ni ta ce ga wadda ta gano, matar ta yi mini godiya a tsaye ta koma wurinta. Ko a ranar, da duk abin da na aikata, sai da ƙyashi ya soke ni.

Anti ba ta gaya wa Dakta ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai daina zuwa gidanmu, ta yi jarrabawar ƙarshe da ƙoƙarinta, ta ci. Na je har ɗakin da take haya na ba ta haƙuri. Ta ce ita ba ta riƙe ni ba, amma ba hannunta aka doka ba. Yarinyar kuwa ban san yadda zan yi wa 'yar shekara tara wannan bayani ba, ina ta jinkiri har suka bar unguwar.

Yanzu ina horar da malamai a nan Jalingo, Anti na ba ɗalibai shawara a wata sakandare a Lau. Bara mun haɗu a wani taron bita. Lokacin cin abinci na hango matasan malamai sun kewaye ta, tana ba su labari suna ta dariya, teburina kuwa mu biyu ne. Na ji abin nan ya motsa a ƙirjina, bai kai na da ba, amma shi ne. Na ɗauki farantina na je na tsaya a ƙarshen bencinsu. Ba ta katse labarin ba, ta matsa ta ba ni wuri.