Ranar da Aka So Yanke Ƙafafun Kujerata

Abubuwa da yawa na zamanmu a Haɗeja sun ɓace mini, har da sunayen wasu maƙwabta. Amma ranar da maigidana ya aro zarto don ya rage wa kujerata tsawo, wannan kam ba ta cikin abubuwan da tsufa zai ƙwace mini.

A lokacin ba a daɗe da ba mu sabuwar jiha ba, kowa yana neman aiki, kowa yana son a buga masa takarda. Ni kuwa na koyi bugun tafireta tun ina gidanmu a Malam Madori. Maigidana malamin firamare ne, albashinsa kuma sai ya ga dama yake zuwa, don haka ya samo mini wata tsohuwar tafireta, yana karɓo aiki a waje ina bugawa a gida. Ba yabon kai ba, wannan tafiretar ce ta riƙe mana tukunya.

Matsalar ita ce wurin zama. Ɗakina duhu ne, taga ɗaya ce 'yar ƙarama, wuta kuma ba ta zama. Inda ake samun haske da inuwa a gidan gaba ɗaya shi ne rumfar tsakar gida, nan ne kuma mazaunin surukina, wanda muke kira Baba. Tsohon masunci ne da ciwon gwiwa ya raba da kogi, kullum yana kan buzunsa yana ɗinke wa mutane komarsu da ta yage. Sai na raɓe a ɗaya gefen a kan kujera 'yar tsugunno, tafireta a kan akwatin ƙarfe, in duƙa tun hantsi har la'asar. Ba ma hira. Gaisuwa ce kawai, ita ma kaina a ƙasa.

Da farko ƙuguna ne yake ciwo, na ce gajiya ce. Daga baya ciwon ya gangara ƙafata ta hagu. Wata safiya na ɗauko tulu, ƙafar ta ƙi ɗaukata, na zube har tulun ya fashe. A asibiti likita ya ce zaman da nake yi ne yake danne wata jijiya, in ban samu kujera mai majingina da tebur daidai tsawona ba, wata rana ƙafar za ta iya dainawa gaba ɗaya. Wallahi tun daga ranar tsoro ya shige ni. Da na farka, abin da nake fara yi shi ne in mintsini yatsun ƙafata in ji ko suna nan.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudancin Kaduna, muna ce mata Sista. Mace ce mai faɗa, ba ta san wani abu wai shi nauyin baki ba. Ita ta ja ni kasuwa. A shagon da ake sayar da tsofaffin kayan ofis na ga wata baƙar kujera mai juyawa, mai taya, irin ta manya. Raina ya biya, amma da mai shagon ya faɗi kuɗinta sai na ji ciwon ƙafar ma ya ƙaru.

Sista ta ce, "Rabu da ita, ba kyau muka zo saya ba. Hau waccan mu gani."

Haka ta dinga zaunar da ni a kujerun mutane a gaban maza, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Wannan ta ce ƙafata tana lilo, waccan ta ce ƙuguna ya nutse. A ƙarshe wajen wani kafinta muka samu ta katako, ba ado, bayanta ya ɗan lanƙwasa daidai ƙugu. Da na zauna tafin ƙafata ya kwanta a ƙasa, bayana ya samu abin jingina. Muka haɗa da ɗan tebur wanda gwiwar hannuna take daidai da shi, kuɗin kuma bai fi ƙarfinmu ba. Sista ta nuna ni da yatsa ta ce, "In na sake ganin ki a kan 'yar tsugunno, ni da ke ne."

Mai baro ya kawo kayan Baba yana masallaci. Na zauna na fara bugu, na ji wani daɗi da na daɗe ban ji ba. Can sai ga sallamarsa. Ya lallaba ya zauna a buzunsa, na ɗago kai, sai na ga gwiwoyina sun yi daidai da kansa, ina kallon tsakiyar hularsa daga sama. Ban san lokacin da na miƙe ba. Yaran yanzu za su yi dariya, amma mu yadda aka rene mu, matar ɗa ta ɗare kujera surukinta yana ƙasa, ai sai a ce daga wane gida aka ɗauko ta.

Kujerar ta koma wurin ajiye wanki. Sai in Baba ya tafi masallaci nake yin sauri in hau, da na ji takun sandarsa in sauko da tafireta kan akwati. Ƙafar ta ci gaba da mutuwa, har na fara jan ta. Ina ɓuya wa Sista, aiki yana taruwa, ina kwana da tunanin ranar da za a ɗauke ni a kai ni bayan gida. Maigidana yana gani, amma shi ma ba zai iya cewa mahaifinsa ya tashi daga inuwarsa ba. Da ya rasa dabara sai ya ce zai rage ƙafafun kujerar da na teburin, in dawo ƙasa-ƙasa. Na san in an yi haka an kashe amfaninta, amma ban hana shi ba.

Ranar Asabar da hantsi ya kwantar da kujerar, ya sa alli ya ja layi a ƙafafunta. Ina tsaye a ƙofar ɗaki. Har ya ɗora zarto, sai Baba ya yi gyaran murya.

"Kai, me kujerar nan ta yi maka?"

"Ta yi tsawo ne, Baba."

"Wa ta yi wa tsawo?"

Baba bai dube ni ba, don bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ba amsa gaisuwa ba. Ya ajiye komar da ke hannunsa ya ce, "Idona raguwa ya yi, bai mutu ba. Ina ganin yadda yarinyar nan take jan ƙafa. Na zaci kujerar ce ba ta yi mata ba, ashe ni ne. Ajiye zarton nan, ka fito mini da gadona."

Maigidana ya fito da tsohon gadon ƙarfen, Baba ya sa ya ɗora ƙafafun a kan bulo, aka shimfiɗa buzu a kai. Da ƙyar ya hau, yana cije baki saboda gwiwa, ɗansa yana tallafe da shi. Ya zauna can sama ƙafafunsa suna reto, ya janyo komarsa. Sannan ya ce, "Gaya mata ta zauna. In tsawo ne damuwarku, ni za a ɗaga, ba ita za a sauke ba."

Na zauna. Takardar farko da na buga ranar sai da na sake ta, don hawaye sun jiƙa ta. Baba kuwa a tabarma ya dinga kwana a ɗakinsa har aka gina masa dakali a rumfar, bai taɓa ɗaga maganar ba. Ƙafata ta daɗe kafin ta dawo, amma ta dawo, da ita nake takawa har yau.

Ban daina ganin darajar kunya ba, da ita na reni 'ya'yana. Amma na koyi cewa ni da maigidana muka zauna muka yanke wa tsohon nan abin da zai ɓata masa rai, ba wanda ya tambaye shi, na kusa rasa ƙafata a kan abin da shi bai taɓa nema ba. Shi ya sa duk matar ɗana da ta shigo gidana, tun ranar farko nake gaya mata: in wani abu yana yi miki ciwo, ki faɗa, ko da ni ce sanadinsa.