Ranar da Na Ɓuya a Gonar Masarar Faransa

Tsufa ya sa ina manta abubuwa da yawa, amma ranar da na kwanta ruf da ciki a gonar wani Bature ba za ta fita daga raina ba.

Bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyenmu da ke wajen Kuyello, babban ɗana, mai aikin asibiti a Faransa, ya sa aka kai ni wurinsa, da niyyar in zauna ke nan. Wana, tsoho mai ciwon ƙafa, na bar shi a ɗakin haya a Birnin Gwari. Na ce masa ba zan daɗe ba, alhali na san ba haka aka shirya ba.

Ƙauyen da ɗana yake zaune a Faransa ƙarami ne, gidajen dutse, tagogi a rufe. Ba kiran salla, ba ƙarar daka. Ɗana ya fita aiki, ni kuma in bi hanyar gonaki ina kallon shanu, ba wanda zan ce wa sannu. Masara ce kaɗai na sani a ƙasar, har nakan tsaya in taɓa ganyenta.

Wata safiya da kaka, ina gefen daji, sai na ji harbi, tau! tau! Ban san lokacin da na faɗa cikin masara ba, takalmina ɗaya a kan hanya. Ina kwance ina salati, sai ga kare a kaina, bayansa wani tsohon Bature da bindiga. Na ɗaga hannu ina cewa, "Don Allah, ni talaka ne, ba ni da kowa!" kamar yadda muka saba faɗa a dajinmu.

Bai ji Hausa ba, amma ya gane bindigar nake tsoro. Ya ajiye bindigar a ƙasa, ya ɗago zomon da ya harbo ya nuna mini. Shi ya tsinto mini takalmina, ya ja ni zuwa gidansa.

Dogon tebur na gani, kujeru kewaye da shi, faranti ɗaya tak. Ya yanka mini burodi, ya haɗa shayi. Yana yarensa ina nawa, har rana ta take. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Da ɗana ya ji labarin, sai da ya yi dariya. "Haba Baba, mafarauta ne! Tsohon nan ai 'ya'yansa duk suna birni, ba mai shiga gidansa."

Na ce, "To, nema mini jirgi, gida zan koma."

"Baba, can fa harbin na gaske ne."

"Na sani. Baffanka ma yana jin sa, kuma shi kaɗai."

Da na isa, na tarar da wana zaune a bakin ƙofa da kwanon tuwo ɗaya a gabansa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Turawan sun koro ka ke nan?" Ya matsa mini tabarma, ya turo kwanon tsakaninmu.

Daga ranar na gane cewa tsoho na iya jure tsoro da rashi, amma cin abinci shi kaɗai ne ke ƙarasa shi.