Tauraron da Ba Shi da Alƙibla

Allah Ya jiƙan kakata, Inna Kulu. A wurinta na fara ganin yadda ake cika labarin da mai shi ya bari a buɗe, alhali ko baƙi ɗaya ba ta taɓa rubutawa a allo ba.

Ina ɗan shekara goma a Bungudu aka kawo talabijin ɗakin kallon unguwarmu. Duk Asabar mukan kalli wani shirin Turawa na jirgi mai yawo tsakanin taurari, wani tsohon soja yana fassara mana abin da ya gane, abin da bai gane ba ya cika da nasa. A kashin da muka gani na ƙarshe, mai nuna wa jirgin hanya ya ci amana. Ya bar shugabansu da rauni a wata busasshiyar duniya, ya kwashe ruwan, ya tafi. Mako na zagayowa aka sa wani shiri dabam, ba a ƙara waiwayar wancan ba.

Muka kai ƙara wurin Inna bayan isha'i, tana gasa mana masara a bakin murhu. Ta saurara har muka gama, masarar da ke kan garwashi ta ƙone ba ta juya ta ba.

"Wanga ai ayari ne," in ji ta. "Shugaban madugu ne, mai nuna hanyar jagaba. Salkar ruwa ya ɗauke, ko? To, ku matso. Ga ta nan, ta yau daga sama ta faɗo."

A tatsuniyarta, 'ya'yan madugu suka bi jagaba har suka kama shi, amma ba su kashe shi ba. Suka kai shi wani tauraro inda rana ba ta fitowa, ba ta faɗuwa, tana nan tsaye bisa tsakar kai. Babu gabas, babu yamma. Idan ya so ya yi salla ya tuba, bai san inda zai juya fuskarsa ba. Ƙasar wurin ƙarfe ce, ba a taimama da ita, ba ta haƙuwa kabari. Suka rataye masa salka cike da ruwa can sama, tana ɗiga, ɗigon yana ƙafewa kafin ya iso harshensa.

"Inna, sai ya mutu?" na tambaya.

"Mutuwa ai hutu ce, mijin banza. Ni ban sallame shi ba."

Kowace tatsuniya Inna takan rufe ta da ƙurunƙus, mu watse. Wannan kaɗai ta hana wa kalmar. Shekara da shekaru tana komawa kanta, kullum da sabuwar azaba. Da na yi nisa a karatun fiƙihu na zo mata da gyara, na ce wanda alƙibla ta ɓace masa yakan yi ƙoƙarinsa ya fuskanci inda zuciyarsa ta natsu, kuma sallarsa ta yi. Sai ta ce:

"Can ga littafinka, Malam ƙarami. Ga nawa tauraro ba a karɓa."

Sai bayan rasuwarta mahaifina ya warware mini. Kakana, mijin Inna, ya kora shanu zuwa kudu tare da wani abokin tafiya. A dajin bayan Tsafe ciwo ya kayar da shi, abokin ya ɗauki salkar ruwansu ya wuce, ya bar shi ya rasu a nan. Alƙali ya nemi shaidu, babu, mutumin ya rantse aka sallame shi. Ya tsufa a garinmu, yana salla a sahun gaba, Inna tana jin gyaran muryarsa ta bayan danga.

Bara, a gidana na Damba a Gusau, jikana Abdulhadi ya zo da littattafan Turanci guda uku. Ashe wasu marubuta sun ci gaba da wancan shiri a rubuce, kamar yadda almajirin malami kan cika littafin da malaminsa ya rasu bai kammala ba. Na sa shi yana karantawa yana fassara mini, ni kuwa ina kiran mutanen ciki madugu da jagaba kamar yadda Inna take yi. A na uku, maci amanar ya yi nadama, ya ceci jirgin, aka mayar masa da kujerarsa.

"Ka gani, Alhaji, an yafe masa."

"Wa ya yafe? Madugun?"

"A'a, shi tun a littafin farko ya mutu."

"To, marubucin ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Afuwar jini a hannun magada take."

Yaron ya yi dariya, ya ce, "Ashe kai ma kana da jagaba, tsoho?"

Bai san ya taɓa gyambo ba. Inna ta tafi, mahaifina ya tafi, yau ni ne magajin. Shekara talatin ina karantar da falalar yafiya, kuma na yi imani da kowace kalma da na faɗa. Kalma ɗaya ta rage a bakina in rufe tatsuniyar Inna, mutumin ya sauka. Na buɗe baki in faɗe ta, sai na ji ƙaurin masarar nan, na haɗiye kalmar.

Ina roƙon Allah Ya sassauta zuciyata kafin in tarar da su. Amma har yau da nake rubutun nan, jagaba yana can, rana na bisa kansa, salka tana ɗiga.