Baƙon Rahila daga Paiko

"'Yata, ina yarinyar da ke gaishe ni kullum da safe?"

Wani dattijo ne daga Paiko ya tare ni a ƙofar cibiyarmu ta renon ƙananan kamfanoni a Bosso, da buhun doya a kafaɗa. Rahila yake nema, wadda manhajarta ke kiran manoma da muryarta tana faɗa musu ko za a yi ruwa. Ranar kuwa ake zaman rufe aikinta, wai babu shaidar ana saurare.

Na shigar da shi har gaban ogan cibiyar, inda Rahila ke zaune.

"Baba, ai naɗar muryar aka yi," in ji Rahila.

"Na sani, ni ba yaro ba ne. Amma mutum na gaishe ka kullum, ai sai ka tako. Laifinki ɗaya, ina tambayar mutanen gida, ke kin wuce zuwa zancen hadari."

Oga, da ba ya yarda da shaida sai ta kwamfuta, ya daɗe yana kallon buhun. Can ya ce a ƙara mata damina guda.

Na ja musu ƙofa, na fita neman keke napep da zai kai Baba tasha. Ku fa, wa ke gaishe ku kullum ba ku taɓa takawa wurinsa ba?