Malam Hadi, Surukinsa, da Kwamfuta Ɗaya

A duk faɗin ƙaramar hukumar Gwaram babu malamin makarantar da ya kai Malam Hadi Sulaimanu kusanci da kwamfuta. Akwai shaidu arba'in da bakwai a kan haka. Kwana biyar cur ya yi a Birnin Kudu, daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, tsakaninsa da ita bai fi kamu biyu ba. Ya san ƙarar fankarta, ya san ɗumin da take fitarwa ta gefen hagu. Taɓa ta ne kawai bai samu yi sosai ba.

A Sara aka haife shi, a gidan manoma masu karatu. Mahaifinsa yana noma gero da dawa, yana kuma koyar da 'ya'yan unguwa a zaure, a nan Hadi ya koyi riƙon alƙalami. Da ya gama kwalejin horon malamai ya dawo gida, aka ba shi aji a wata firamare da ke bakin gari. Yau shekararsa goma sha tara a wurin, goma sha ɗaya daga ciki shi ne jami'in jarrabawa.

Muƙamin ba shi da alawus. Abin da yake da shi makullin wani kabad ne na ƙarfe, da tebur a bakin taga a ofishin hedimasta, da mako biyu a ƙarshen kowane zango da kowa a makarantar, har shi hedimastan, ke sassauta murya ya ce, "Malam Hadi, ko an kai kan namu?" Da rula yake zana babbar takardar sakamako, shuɗin biro ga wanda ya ci, ja ga wanda ya faɗi, ɗalibai ɗari uku da 'yan kai, bai taɓa kankare kuskure da reza ba. Sufetoci kan ɗauki hotonta da waya. Gonarsa ƙarama ce, babur ɗinsa sai an tura, amma a kan wannan tebur babu na biyunsa, kuma ya san da haka ko da bai taɓa faɗa ba.

Sai takarda ta zo cewa daga zango mai zuwa ba za a ƙara karɓar sakamako da rubutun hannu ba, sai wanda aka buga a kwamfuta. Za a yi wa malamai horo na kwana biyar a dogon hutu, a koya musu buga wasiƙa da zana jadawali da tara maki. Hedimasta Malam Sabo ya kira shi tare da Malam Ɗanbala, malamin lissafi, wanda taubashin Hadi ne, tun suna yara bai taɓa barinsa ya huta ba.

"Ku biyu za ku je," in ji Malam Sabo. "Wanda ya dawo da takardar shaida, shi ne mai makulli. In duk kun dawo da ita, Malam Hadi, kayanka na nan."

"A fara shafa wa makullin mai, ranka ya daɗe," in ji Ɗanbala. "Aljihuna ba ya son tsatsa."

Hadi bai damu ba. Mutumin da ya iya jera maki ɗari uku ba kuskure, ba ya jin tsoron akwati. Ya sayi sabon littafin rubutu mai shafi tamanin.

Malamai arba'in da takwas aka tara a wani zaure a Birnin Kudu, kwamfutoci ashirin da huɗu, wato mutum biyu-biyu. Mai koyarwar, Malama Nasiha, daga Dutse ta zo, da jerin sunaye da wani ya tsara a ofis yadda suka zo masa. Ta karanto har ta kai, "Lamba goma sha huɗu, Badamasi Buba da Hadi Sulaimanu."

Malam Badamasi hedimastan wata firamare ce a ƙauyen da ke gaba da Sara, shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya. Shi ne kuma mahaifin Barira, matar Hadi. A shekara goma sha shida na aure, Hadi bai taɓa furta sunansa ba. Ɗan Hadi na fari da ya ci sunan kakan, Khalifa ake ce masa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa gaishe shi a tsaye ba, kuma in ya hango shi a kasuwa yakan tuna cewa yana da uzuri a wani layin. Mutane suna yaba masa a kan haka, suna kafa misali da shi ga samarin yanzu.

Ya je lamba goma sha huɗu, ya cire takalmi, ya tsuguna a gefen kujera ya yi gaisuwa. Bai tashi ba.

"Malam, kujerar ce ta karye?" in ji Malama Nasiha.

"A'a, lafiyarta ƙalau."

"To hau mana. Daga ƙasa ba a ganin komai."

"Ki bar shi, Malama," Ɗanbala ya ce daga lamba goma sha biyar. "Daga can ya fi jin karatu."

Malam Badamasi, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "A zauna, a zauna." Hadi ya ja kujerar baya da taku ɗaya, ya ɗosana a bakinta. A nan ya yi kwana biyar.

Da aka kunna janareta, Malam Badamasi ya sa bayan hannu ya ɗan turo ɗan abin nan mai jela da ake kira maus zuwa ɓangaren Hadi, ya ce, "Bismillah."

"Alhamdulillahi, Baba," in ji Hadi.

Haka ake amsawa idan babba ya yi maka tayin abinci, kuma babu wanda ya taɓa koya wa Hadi wata amsa daban ga tayin babba. Malam Badamasi ya jira kaɗan, sannan ya ɗauki maus ɗin, ya ɗaga shi sama, ya nuna fuskar kwamfutar da shi kamar mai haska tocila. Hadi ya ga yadda Malama ta yi, ya san a kan tebur ake jan sa. Ya yi gyaran murya.

"Sannu," in ji Malam Badamasi.

"Yauwa, Baba."

Sai Hadi ya bi ta bayan fage. Ya juya wajen Ɗanbala ya ce da ɗan ƙarfi, "Ashe a kan tebur ake jan abin."

"Ni kake gaya wa? Ni da na kai layi na huɗu?"

Malam Badamasi yana goge tabarau a lokacin, bai ji ba.

Ranar Talata da hutun sallar azahar Hadi ya samu Malama Nasiha a baranda, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce akwai nauyi tsakaninsa da abokin zamansa. Ta gane, ta ce ba matsala, in ya sami wanda zai yarda su yi musaya za ta gyara jerin ta sanar. Ya je wajen Ɗanbala.

"In koma kusa da Baba? Ni ba ni da matsala, ba 'yarsa nake aure ba. Amma tsaya. Malama za ta miƙe gaban mutum arba'in da takwas ta ce Hadi ya nemi a raba shi da surukinsa. Kafin la'asar labari ya isa Sara. Me ka tanadar wa Barira?"

Da tsokana ya faɗa, amma gaskiya ce. Hadi ya koma kujerarsa. Ya yi tunanin zuwa da wuri ko tsayawa bayan an tashi, sai dai janaretan ƙarfe tara ake tayar da shi, huɗu ake kashewa, da hutu ma kashe shi ake yi. Shinkafar da ake rabawa da rana, a bayan ɗakin janaretan yake cin tasa, a tsaye.

Abin da ya rage masa shi ne littafi. Duk abin da Malama ta nuna a bango, ya zana shi da rula: inda ake buɗe sabon shafi, inda ake adanawa, yadda ake sa Eksel, manhajar lissafi, ya tara maki da kansa. Da ya ga an tara makin mutum arba'in a ƙiftawar ido, aikin da yakan ci masa yini, bai ji haushi ba. Sha'awa ya ji, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Hannunsa na dama ya riƙa motsi a kan gwiwarsa yana bin na Malama. A gabansa kuwa Malam Badamasi yana neman harafin B da yatsa ɗaya, yana bin madannan layi-layi daga sama.

Ranar Laraba dama ta zo. Malam Badamasi ya fita sabunta alwala, ya bar sunansa a rubuce saura harafi ɗaya: BADAMAS. Hadi ya matso. Don ya gwada wani abu, sai ya goge sunan surukinsa, ko ya rufe shi, ko ya rubuta nasa a ƙasa kamar sa'anni. Ya duba duka ukun bai ga mai kyau ba. A ƙarshe ya ga abin da ya fi ladabi shi ne ya cika masa. Ya nemo harafin I, ya ɗora yatsa, ya danna da irin ƙarfin da yake danna biro a kan takarda mai kwafi uku. Kafin ya ɗage, harafin ya cika layi ya gangara na biyu. Ya ji tafiyar takalmi, ya koma bakin kujerarsa.

Malam Badamasi ya zauna, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce. "Abin har da kansa yake rubutu."

"Haka ne, Baba."

Ranar Juma'a da safe aka yi gwaji. Kowa minti ashirin: ya zana jadawali, ya sa sunayen ɗalibai biyar da makinsu, ya tara, ya adana da sunansa. Na farko a kowace lamba suka fara. Malam Badamasi ya sami sunaye biyu, babu jadawali. Da Malama ta ce, "Na biyu su karɓa," ya miƙe ya bar kujerar, ya koma baya ya tsaya, hannuwa a goye. Hadi ya miƙe shi ma.

"Malam Hadi, lokaci na tafiya," in ji Malama Nasiha.

"To, Malama."

"To zauna mana!"

Bai zauna ba. Ba a zama suruki na tsaye. Malam Badamasi ya ce, "A zauna," Hadi ya ce, "Baba ya zauna," ya juyo masa da tasa kujerar. Suka tsaya su biyu da kujeru biyu babu kowa a kai. Ɗanbala, wanda ya riga ya gama nasa, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Hadi, ya fasa. Sai da Malama ta ce, "Baba, don Allah ko za ka taimaka mini ka duba rajista a waje?" sannan dattijon ya fita. Minti tara sun tafi.

Hadi ya kama maus. Ya san inda zai je, shafi na ashirin da shida ne a littafinsa, amma kibiyar ba ta karanta littafin ba. Ya ja ta dama ta wuce, ya dawo da ita ta ɓace a kusurwa. Da ƙyar ya buɗe shafin. Ya rubuta Humaira, ya rubuta rabin Juwairiyya, aka ce a ɗaga hannu.

Malama Nasiha ta zo ta duba, sannan idonta ya faɗa kan littafin. Ta ɗauka ta yi ta buɗawa.

"Wannan hannunka ne? Wallahi ya fi takardar da muka raba kyau. Ka ba ni in ɗauki hoto?"

Ya ba ta. A takardar gwajin babu gurbin maki na littafi, ta nuna masa don ya gani da idonsa.

Bayan mako guda Barira ta je gaida iyayenta, ta dawo da kuka da daddawa da saƙo.

"Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce wai me ya same ka a Birnin Kudu?"

"Me ya ce ya same ni?"

"Ya ce kullum da safe sai ya tura maka abin, kullum ka ce ka ƙoshi. Ya ce shi me zai yi da kwamfuta, ido ba ido ba, ritaya a bakin ƙofa? Da ya ji ku biyu ne har ya yi murna, ya ce zai jingina ya huta ka yi muku. Don kada a ce lambarku ba ta yi komai ba ya riƙa taɓawa. Ya ce kai mutumin kirki ne, sai dai ba ka da sha'awar abin zamani."

Hadi ya dube ta.

"Haka Baba ya ce?"

"Haka ya ce."

"To. Ya fi ni sani."

Ranar da aka koma makaranta Malam Sabo ya kira shi, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya ce tunda Ɗanbala kaɗai ya dawo da takardar shaida, shi zai karɓi makulli, amma riƙon ƙwarya ne kawai, ya ji za a ba waɗanda ba su ci ba dama ta biyu a hutun Disamba, kwana uku, in ya ci makulli ya dawo hannunsa. Hadi ya zare makullin daga cikin na babur ya ajiye a tebur. Ɗanbala ya ɗauka bai tsokane shi ba, abin da ya fi tsokanar tasa ciwo. Hadi ya kwashe rula da jan biro ya koma aji huɗu. Da yamma yakan buɗe littafin ya yi bita. Ya kai inda zai iya faɗin matakan tara maki a Eksel daga farko zuwa ƙarshe, ido a rufe.

Takardar gayyatar ta zo a ƙarshen Nuwamba. Ta ce an yi nasara ƙwarai, cikin malamai arba'in da takwas, arba'in da shida sun ci. Tunda mutum biyu ne kawai za su maimaita, ba sai an buɗe zaure ba, an ware musu kwamfuta ɗaya a ofis.