Aikin Baba a Gidan Burodi

Shekarar da na yi akawu a wani gidan burodi a Tarauni, manajojinmu uku ne, kuma babu wanda zai iya gaya maka aikinsa. Ɗaya ƙanin Hajiya ne, matar Alhaji mai gidan burodin, ɗaya ɗan yayan Alhaji, na ukun kuwa, janar manaja, ɗan aminin Alhaji ne. Haka Alhaji yake ɗaukar ma'aikata: a kawo masa mutum bayan sallar Juma'a, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Je ka, ka riƙa kama musu." Kama me? Oho.

Baba maigadi kaɗai ne bare. Daga ƙauye ya zo, yana hayar ɗaki ɗaya a Ƙauyen Alu da iyalinsa, ba su da wata hanyar abinci sai wannan gadin. Amma gadin Baba ya haɗa da hura tanda, sauke buhunan fulawa, wanke gwangwanaye, tayar da janareta, da raba faɗan masu sari idan sun zo da baburansu.

Wata rana da azahar burodi ya ƙone ƙurmus, tanda guda. Manajoji suna ƙarƙashin darbejiya suna musun ƙwallo, Baba kuwa janar manaja ya aike shi Gyadi-Gyadi sayo masa gurasa. Alhaji ya zo yana huci, ya rantse sai ya kori wani. Kowa ya san wanin nan ba zai zama ɗan dangi ba.

Sai dai surukin Alhaji lauya ne. Ya ce, "Abba, ba a korar mutum kan aikin da ba a taɓa rubuta cewa nasa ba ne. A rubuta wa kowa aikinsa filla-filla, da wanda zai riƙa ba shi umarni, da lokacin tashinsa, ya sa hannu." Alhaji ya ji rabin maganar, rabin da ya yi masa daɗi. Ya kira ni ya ce, "Malam, rubuta wa kowa nasa. Na Baba ka sa tanda a ciki, ka mayar da kwanan wata baya."

Na ce kwanan wata kam ba zan taɓa ba, ina tsoron Allah, ina kuma tsoron surukinsa. Amma na ɗauki biro na bi manajoji ɗaya bayan ɗaya.

"Tanda?" in ji ƙanin Hajiya. "Haba Malam, ni fa sa ido ne nawa."

Ɗan yayan Alhaji ya ce fulawa tana tayar masa da asma. Janar manaja ya ce shi janar ne, ba a ƙayyade masa. Duk aikin da na ambata sai su ce, "Ai wannan Baba ne yake yi." Ni kuma na rubuta yadda suka faɗa. Na kowane manaja bai cika layi biyu ba. Na Baba ya cinye shafi har ya juya baya.

Washegari Alhaji ya tara mu, har da surukinsa lauya, ya ce in karanta. Baba yana tsugune a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmansa. Da na zo kan tanda Alhaji ya ce, "Yauwa!" Na ci gaba: fulawa, janareta, gwangwanaye, kai yara makaranta in direba bai zo ba. Yauwar ta ɗauke. Lauya ya yi gyaran murya.

"Abba, in kun kore shi, wannan takardar za a miƙa wa wanda zai gaje shi. In kuma kun bar shi ya sa hannu, to wannan ba albashin maigadi ba ne."

Alhaji ya karɓi takardar, ya dubi manajojinsa, waɗanda duk suka sami abin dubawa a waya. Sannan ya yayyaga ta.

"Mu ba ma wannan bokon," in ji shi. "Baba ai ɗan gida ne. Wa yake rubuta wa ɗan gida aiki? Na yafe maka Baba, je ka kama musu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Takardar da aka so a yanka Baba da ita, ita kaɗai ce ta taɓa faɗar yawan wahalarsa, ga ta warwatse a ƙasa. Shi kuwa sai zuba godiya yake yi, "Allah Ya ƙara arziki Alhaji, Allah Ya ja kwana." Da za mu watse, janar manaja ya nuna guntayen takardar da baki, ya ce a share wajen nan.

Baba ya tashi ya ɗauko tsintsiya.