Hannun Hagun Ƙanwata

Har yau in na ji ƙaurin barkono, baffanmu nake tunawa, kuma ba da alheri ba.

Mutum ne da ko dangar gidansa bai iya gyarawa ba, amma a ƙauyenmu, can wajen Dogon Kiriya, wai shi ne gwanin gyaran hali. Ya kasa dabarunsa kashi-kashi kamar mai tallar goro: ga ta lallashi, ga ta kunyatarwa, ga ta tsoratarwa, sai ta jiki. Yana gindin gawo yana ta bayani, mutane na gyaɗa kai.

Ƙanwata bahaguwa ce. Laifinta ke nan duka. Da damina ya fara da lallashi: in ta sha fura da hannun dama, a ba ta dabino. Ta karɓi dabinon da hagu. Da kaka ya sa yara suka riƙa yi mata waƙa a bakin rijiya. Da rani ya ce aljana doguwa ce ta riƙe hannun, kuma za ta zo ta cire abinta. Da wannan dabarar ma ta ƙi ci, sai ya ɗaure hannun a bayanta da tsumma. In ta kwance, ya goga mata barkono.

Innarmu ta ce, "Ka bar ɗiyag ga, haka Allah Ya yi ta."

Ya ce, "Ke mi kika sani? Saura kaɗan."

Ya yi nasara kuwa, har yana bugun ƙirji. Ta koma ci da dama, ta kuma daina ci a gaban kowa. Har bayan ta yi aure, ɗaki take shigewa da kwanonta.

Yanzu na ji ana koya wa ma'aikatan asibiti rabe-raben dabarun sauya hali a Dogon Dutsi. Ban raina karatunsu ba. Ina dai fatan suna fara tambaya ko abin na bukatar sauyawa, don baffa bai taɓa tambaya ba.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƴaƴansa duk suna birni, ƙanwata ke kai masa tuwo. Na je gaishe shi, na tarar yana kokawar kai loma da hagu, miya na zuba a rigarsa.

Ya ce, "Hannun ga ba ya jin magana."

Ta ce, "Akwai barkono a madafa, Baffa."

Ta jawo kwanon, ta gutsuro tuwo da hagu. Ya buɗe baki.